Kunun Madugu

Har yau ban manta da ranar da Madugu Bawa ya ture ƙoƙon kunu da ƙafa ba, ya dube ni ya ce, "Jaɓɓi, mi kas sa ciki?"

Ku da kuka shigo aikin gidan nan daga baya ba ku san shi ba. Madugu shi ne shugaban ayarin fatake, shi ke gaba in za a tafi Gwanja sayen goro. Ni kuwa baransa ne, aikina ɗauko akushi daga hannun Ige mai girki in kai masa zaure, nan gidanmu na kusa da Hubbare.

A shekarar nan ƙiba ta yi masa yawa, sai an tallafa masa yake hawa doki. Fatake har sun fara raɗe-raɗin neman wani madugun. Da damina ta ja baya, tafiya ta matso, sai wanzaminsa ya hana shi tuwon dare da man shanu, ya ce kunun tsamiya kawai.

Tumbi ya soma sacewa, amma barci ya ƙaurace masa. Ya kwanta, cikin dare idonsa ya bushe, shi ke nan sai asuba. Mai yunwa kuma ga rashin barci, kowa abokin gaba ne a wurinsa. Ya sa a ransa masu son kujerarsa sun saye ni, sammu nake zuba masa.

Na rantse, ya ce rantsuwa ba ta da tsada. "Daga yau kai ka hwara sha, ka zamna nan sai na ƙare. In ban samu kwana ba kahin sabon wata, gaban alƙali za mu." Raina ya ɓaci ƙwarai, ga tsoro. Wanda aka kira mai sammu a birnin nan ko ruwa ba a karɓa daga hannunsa.

Haka muka riƙa yi. Bayan lisha in sha rabi, ya sha rabi, muna hararar juna. Kunu ba ya riƙe cikin ƙato, don haka sai ya jawo goro yana kashe yunwa, wannan na bin wannan. Kun san dattijo ba ya cin goro shi kaɗai ga mutum zaune, ko da yana zarginsa. Duk wanda ya ɓara sai ya miƙo mini ɓari.

Abin mamaki, ni ma barci ya ƙi. Sai na koma zargin Ige. Na riƙa leƙen madafi, ina shinshina tukunya, baiwar Allah tana gaishe ni ina amsawa ciki-ciki. Saura kaɗan in kai wa Madugu sunanta.

Ana haka ciwon haƙori ya kama ni, na kasa tauna, na riƙa jefa rabona na goro a aljihu. Daren nan na yi barci kamar an yi mini duka. Da safe na zazzage aljihu, na tsaya ina kallon tulin ɓarin goro, kunya ta kama ni. Mu da muka tsufa a kan hanyar Gwanja!

Faɗa wa farken goro cewa hajarsa ce ta cuce shi ba ƙaramin aiki ba ne. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, in mun sabka zango, mi muka ba masu gadi don kar su yi kwana?"

Ya dubi goron da ke hannunsa ya daɗe. Can ya ce, "Hwaɗa ma Ige ta ƙara kauri ga kunun ga."

Ya daina cin goro bayan la'asar, barci ya dawo, shi ya ja ayari shekarar. Maganar alƙali ba ta sake tashi ba, haƙuri kuma bai ba ni ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikin nan mai ɗauke da akushi ake fara zargi, kuma zargi in ya shiga gida ba ya fita duka. Na san haka daga ɓangare biyu, don Ige ta rasu ba ta san abin da na raya a kanta ba. Madugu kuwa, har ya koma ga Allah, bai ƙara shan abin da na kawo ba sai na fara kurɓa.