Tururuwa a Cikin Ƙoƙo

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ƙanena Auta ya fara ƙwarewa. Na san lokacin ne domin akwai agogon bango a ɗakin Inna, kuma ni kaɗai ce ke duba shi a gidan. Ina bakin ƙofa da littafi a cinya, Inna tana ba shi nono, sai ya saki, ya yi tari, nonon ya fito ta hanci. Watansa biyu a duniya. Inna ta hura masa maɗiga, aka ce yaro ne mai haɗama.

Bai daina ba. In dai ya sha sai ya ƙware, numfashinsa kuma ya koma kamar kukan ɗan tsako a kwando. Kakarmu, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya, ta ce beli ne. Wanzami ya zo ya leƙa bakin yaron, ya ce shi da hannunsa ya cire belin nan tun kafin suna, kuma ba ya sake tohowa kamar yakuwa. Ya sha fura ya tafi.

Sai Iya ta koma kan nonon. A wajenmu ana tatsa shi a ƙoƙo a jefa tururuwa. In ta fito, nono lafiya. In ta mutu, ya ɓaci. Ni aka aika gindin rumbu, na daɗe ina zaɓe har na samo wadda ta fi kuzari. Ta ɗan zagaya a cikin ƙoƙon, ta tsaya.

"To, kin gani," in ji Iya. "Abin da ya kashe wannan shi kike ɗirka wa maigidana."

Inna ta ce, "To, Iya." Ban taɓa jin ta faɗa wa surukarta abin da ya fi haka tsawo ba.

Aka cire Auta daga nono, aka koma nonon akuya da kunu mai ruwa-ruwa. Da ya ƙi sha, Iya ta fara yi masa ɗura: ta kwantar da shi a cinya, ta tara kunu a tafin hannu a bakinsa, ta toshe masa hanci har ya haɗiye. Haka aka yi wa Baba, ga shi nan ƙato. Inna kuwa tana shan saiwar wanke nono, tana kuma zagayawa bayan rumbu ta tatse a ƙasa don kada ya ƙafe. Kowane mako abin da ke fitowa raguwa yake yi.

Na yi nawa gwajin a ɓoye. Na jefa tururuwa a ruwan rijiya, da kunu, da nonon akuyar. Wasu suka fito, wasu suka mutu. Na je har gaban Iya da maganar.

"Iya, tururuwar nan..."

"Me ta yi miki?"

"Ba komai."

Auta ya rame, zazzaɓi ya kama shi, ƙirjinsa yana ƙara. A ƙaramin asibitin garinmu suka yi masa allura, suka ce a kai shi Kano. Muka shiga bas daga Tsanyawa, ana tsakiyar yankan gero: Baba, da Inna, da Iya wadda ta ce ba za a taɓa mata miji a bayan idonta ba, da ni domin karanta rubutun ƙofofi.

Likitar da muka samu a asibitin Kano mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗauko wani siririn bututu mai fitila a baki, ta ce akwai kyamara a ciki, za ta zura ta hanci ta ga yadda yake haɗiya.

"Ta hanci?" in ji Iya. "Yaro da bakinsa?"

"Hajiya, bakin zai yi aiki ne."

Nas ta riƙe kansa. Ya tsala ihu, sai ga cikin wuyansa a talabijin, ja, yana motsi. Iya ta matso ta ce ashe maigidan nata ciki duk ɗaya da na kaza. Likita ta nuna ƙofofi biyu, ta abinci da ta iska, da wata 'yar tsoka da ke rufe ta iskar. Ta Auta ba ta yi ƙwari ba tukuna. Aka ɗiga wa kununmu koren launi, aka ba shi a cokali. Duk muka ga koren ya gangara ƙofar da ba tasa ba.

"Yanzu a ba shi nono," in ji likita.

Iya ta ce ya ɓaci. Likita ta ce to a gani. Inna ta dubi Baba, Baba ya dubi fanka. Nas ta gyara wa Inna zama, ta ɗaga yaron kusan a tsaye, ta ce ya sha kaɗan ya huta. Ya kama kamar jiya ya bari. Ya haɗiye, ya numfasa, ya sake haɗiyewa. Inna tana kallon bango, hawaye na sauka a kan hularsa.

Likita ta ce a daina ɗura daga yau, a ci gaba da nono a wannan zaman, a dawo da shi ta sake dubawa. Ta ce yawanci tsokar tana ƙwari in yaro ya girma. Iya ta ce dama ita hannunta ya gaji.

Sun fita, na tsaya a bakin ƙofa. Na shirya tambayar tun daga Tsanyawa, amma da ta fito sai da likita ta ce in ɗaga murya. Na ba ta labarin ƙoƙon, na ce me ya kashe tururuwar in ba nonon ba.

Tana wanke hannu, ba ta ko juyo ba.

"Nonon Innarki lafiya lau yake," in ji ta. "Tururuwa ce ba ta iya ruwa ba."