Awon Damtsen Sa'adu

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin lafiya, ranaku da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da wata Larabar watan Agusta ba. Lokacin ina ƙaramin asibitinmu na hanyar boda a Jibiya, ni ce mai kula da ɓangaren yara masu tamowa.

Ku sababbin shiga, ga yadda aikin yake. Uwa ta kawo yaro, a naɗa masa tef a damtse. Tef ɗin kala uku ne: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa ya fara ramewa, ja kuwa yana bakin mutuwa. Mai ja da mai ruwan ɗorawa duk muna ba su kati da abincin gyaɗa na leda, na mako guda.

A tsakiyar daminar shekarar sai takarda ta zo daga sama. An yafe wa manyan 'yan kasuwa masu shigo da kaya wani haraji, wai don kasuwancin boda ya farfaɗo, kuma giɓin da aka samu daga kasonmu za a cike shi. Shugabanmu Malam Lawal ya karanta mana, ya ce daga yau sai mai ja kaɗai za a ba.

Na ce, "Malam, mu jira yaro ya kusa mutuwa ke nan kafin mu ba shi?"

Ya ce, "Hajiya Binta, ba ni na rubuta ba."

A makon ne Rabi ta zo daga Mazanya da ɗanta Sa'adu, bai cika shekara biyu ba. Na auna shi, tef ya tsaya a ruwan ɗorawa, dab da ja. Abokan aikina in sun ga haka sukan ɗan ja tef ɗin ya matse, ya faɗa ja. Ni kuwa an san ni da taurin kai a kan ƙa'ida, har ina taƙama da shi. Na ce ta je ta riƙa dama masa kunun gyaɗa.

Ta ce, "Malama, gyaɗar ina? Bana ko gona ba mu taka ba."

Duk da haka na sallame ta, na kira mai bi mata.

Bayan mako uku abincin ya ƙare ƙaf, na masu ja ma babu. Akwai wata tsohuwar ungozoma, Inna Talatu, wadda rabin yaran unguwar ita ta yanke musu cibi. Ita ta bi gida-gida ta tara mata. Ran Laraba da hantsi suka fito da goyonsu, suka zauna a tsakiyar titin da manyan motoci ke bi zuwa boda. Ba waƙa, ba zagi, kowacce ta ɗaga katin ɗanta. Direbobi suka yi ta hon, da suka ga abin da ke bayan matan sai suka kashe injin. Wani direba Bamaraɗe ma ya sauke jarkar ruwansa ya miƙa musu.

Wajen azahar wani babban jami'i ya iso, aka kira mu ni da Malam Lawal mu tsaya kusa da shi. Ya yi bayani da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce rangwamen zai kawo ciniki, ciniki ya kawo aiki, nan da shekara biyu kowa zai shaida.

Inna Talatu ta ce, "Ranka shi daɗe, mun ji. To ka duba ɗiyan nan ka nuna muna wanda za shi kai shekara biyun."

Sai jami'in ya juyo gare ni, ya ce in faɗa musu abin bai kai haka ba. Tef na cikin aljihuna. Na durƙusa a kan kwalta na fara awo, ina kiran kalar da ƙarfi. Ja. Ja. Ruwan ɗorawa. Ja. Har na iso kan Rabi. Ta kwance goyo ta miƙo mini hannun Sa'adu, tef ya shige can cikin ja ba tare da na ja shi ba.

Ta ce, "Malama, yanzu ya isa a ba shi?"

Ba da gatse ta faɗa ba, tambaya take yi da gaske. Nan na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban jami'i da direbobi, ban ji kunyar kowa ba.

An ba ni takardar tuhuma, na amsa. Matan nan kuwa ba su fasa ba, duk Laraba suna kan titi, har limamai suka sa baki. Cikin mako na biyar aka dawo mana da rabin kasonmu. Sa'adu mun tura shi babban asibiti tun ranar, amma jikinsa ya riga ya ƙi karɓar abinci, ya rasu kafin motar abincin ta iso.

Ranar da aka sauke kaya Rabi ta zo, bayanta ba goyo. Ashe duk Larabar nan da ita ake zama, har bayan rasuwar. Ta ajiye katin da na yanka masa a bakin titi, ta ce in ba wani yaro gurbinsa, kada abincin ya zauna a banza.

Abin da na koya shi ne, mai rubuta takarda bai taɓa riƙe damtsen yaro ba, ke ce kike riƙewa. In doka ta zo a karkace, ki faɗa tun ranar farko, da bakinki da alƙalaminki, kada ki jira matan da ba su iya karatu ba su faɗa miki a kan titi. Ni na jira mako uku, Sa'adu kuma ba shi da su.