Mitfan da Yaya ta bari a firiza

Yayata ce ta yi mitfan, wato gasasshiyar fulawar nan mai nama a ciki. Ta taso daga Fakku a bayan babur, da fulawa da niƙaƙƙen nama a bokiti, saboda a gidana na Tambuwal ne akwai firiza mai aiki da sola. 'Yarta ta fari ta kusa sauke Alƙur'ani, ita kuma Yaya tana son ranar walima a ga wani abu ban da masa da funkaso. Muka wuni a tsakar gida, ni ina yanka dankali da albasa, ita tana murza ƙullun da kwalba, tana danne bakin kowane ɗaya da cokali mai yatsu. Da aka gasa suka huce, muka jera su a leda muka sa a firiza, ta koma gida kafin magariba.

Ba ta ga walimar ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita a farkon damina, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba.

Bayan an share makoki mijinta ya ce ba za a fasa ba, yarinya ta yi karatunta, a yi walimar a gidana ko da ƙarama ce. Inna, mahaifiyarmu, ta iso tun jajibiri. Da safe ta ga na fito da ledojin sun daskare kamar dutse, sai ta kau da kai.

"Ki ba da su sadaka can waje," ta ce. "Ba ni iya kallon mutane suna cin abin ga."

"Inna, don wanga taro ta yi su."

"Na sani. Shi ya sa."

Yarinyar tana bakin ƙofa tana wanke lalle. Ba ta ɗago ba ta ce, "Anti, ki ɗumama su. Ni ina so."

Na zuba yashi a babbar tukunya, na ɗora a kan gawayi, na jera su a faranti a ciki na rufe. Hankalina ba ya jikina, na cika wuta. Na farkon suka ƙone ta baya, da na ɓara ɗaya kuma naman ciki da sauran ƙanƙara. Na zauna a kan turmi ina kuka, don ba mai sake yin wasu. Inna ta fito daga ɗaki, ta ɗauki ɗan itace ta rage garwashin.

"Shanya sauran a inuwa su saki tukuna," ta ce.

Haka muka yi. Ita tana juyawa, ni ina kwashewa. Ƙamshin ya cika gidan.

Da la'asar mata suka taru. Wata abokiyar aikina a makaranta ta gutsura, ta ce, "Kai, wa ya yi wannan? Sai kin koya mini."

"Mamana ce," in ji yarinyar.

Matar ta tsaya da rabin a hannu, ta rasa ko ta ci ko ta ajiye. Inna ta ce, "Ci, ɗiyata, ki yi mata addu'a." Amma ita Innar ba ta ɗanɗana ba, ni ma haka.

Kafin rana ta faɗi uban ya ɗauki yarinyar suka koma Fakku, da ragowar mitfan a kwano don ƙannenta. Ita ke dafa musu abinci yanzu, ita ke musu wanka. Da hutu ya ƙare ba ta koma makarantar boko ba. Na yi wa uban magana ya kawo ta wurina, kullum sai ya ce in bari a gama girbi.