Mun Je Guri Mun Tarar An Tashi Daga Kotu

Mun tashi da asuba daga Dutse, ni da wani abokina lauya da na roƙa ya raka ni garinmu a ƙasar Guri. Auren ƙanwata Hadiza ya mutu, tsohon mijin ya riƙe 'yarsu mai shekara biyar. Da ƙaninmu ya ga Hadiza ta daina cin abinci, sai ya haye ruwa ya ɗauko yarinyar ba da iznin kowa ba. Uban ya kai ƙara cewa an sace masa 'ya, 'yan sanda suka tsare ƙanin namu, aka sa ranar zama gaban alƙali kan riƙo. Abokina ya ce a shari'ar Musulunci uwa ce kan gaba wajen riƙon ɗiya mace, muddin ta buɗe baki ta nema. Na kira Hadiza na gaya mata. Abin da na samu kawai shi ne, "To, Yaya."

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku. Kafin mu wuce Jahun na yi suɓutar baki na kira abokina Barista. Shi ke nan, mota ta zama kotu. Wani mai fataucin awaki ya tambaya ko da gaske beli kyauta ne, abokina ya ce a doka haka yake, aka bushe da dariya har direba. Wata dattijuwa tana so ta ji ko sakin da aka yi ta waya ya saku. Wani kuma gonar gado ce ta hana shi barci, 'yan'uwansa mata sun ce a fitar musu da nasu. Har Kafin Hausa abokina bai samu ya sha ruwa ba, ni kuwa ina kallon shinkafa shar a fadama ina jin daɗin na zo da mutumin da ya san kan abin.

A Haɗeja muka sauka. Garin ya riga ya tashi, 'yan adaidaita da masu babur kowa na ja maka riga. Ƙamshin soyayyen kifi ya kama mu a bakin tasha, na ce ba za mu shiga gaban alƙali da yunwa ba. Tarwaɗa ce mai zafi da yaji da albasa, ga araha idan ka tuna yadda ake tsuga mana a Dutse. Muka ci, muka ƙara, motar farko ta cika ta tafi muna wanke hannu. Wannan kifin har yau yana tsaye mini a wuya.

Mota ta biyu ta ɗau lokaci kafin ta cika. Bayan mun yi nisa muka tarar ruwa ya cinye hanya a wani kwalbati, dole kowa ya sauka a shiga kwale-kwale. Ciyawar kacalla ta toshe ko'ina, ta fi mutum tsayi, mai tuƙi sai ya bi wata siririyar hanya da masunta suka sassare. Abokina ɗan birni ya rungume jakarsa da takalmansa yana ta salati. Da a wata rana ce da na tsokane shi har mu sauka, amma idona na kan rana, ta riga ta take tsaka.

Muna isa muka ga mutane na fitowa daga kotu. Ƙaninmu na tsaye a waje, an sake shi, ya kasa haɗa ido da ni. Baba ne ya ba mu labari, yana murna an rufa asiri. Manya sun yi sulhu: uban yarinyar ya janye ƙarar sata, yarinya ta koma gidansa. Alƙali bai yarda ya rubuta ba sai da ya juya ga Hadiza ya tambaye ta ko tana son riƙon 'yarta, ya maimaita, ya ce hakkinta ne kada ta ji tsoron kowa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda manya suka yi daidai ne."

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce ba ta son 'yar. Yarinyar 'yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta tsaya gaban mahaifinta da surukanta ta ce tana so. Tun da aka haife ta ban taɓa jin Hadiza ta ce komai ba sai "yarinyar nan". Mu muka yi ta yaba mata wannan kunya.

Abokina ya ja ni gefe. Ya ce idan kawu ne ya ɗauko 'ya ya kai wa uwarta, da wuya wannan ta tsaya a matsayin sata, kuma da an nemi beli da an samu. Amma sulhun da aka rubuta da yardar Hadiza, warware shi sai ta koma da ƙafarta ta yi magana da bakinta. Na same ta a tsakar gida na gaya mata.

"Yaya, da wane bakin? Baba yana zaune."

Da la'asar aka kai yarinyar bakin ruwa, kakarta ta wajen uba ta riƙe mata hannu. Hadiza ta biyo mu da tulu wai ɗiban ruwa ta zo. Ta juya wa jirgin baya tana ta ɗauraye tulun da ba shi da datti. Sai da kacalla ta kusa rufe su na ji ta ce, a hankali, "Safiya." Ni kaɗai na ji.

Washegari muka kamo hanya. A Haɗeja mai kifin ta gane mu ta yi kira, muka wuce. Abokina ya ce in daina zargin kifi, ko mun iso da wuri ba lallai ta yi magana ba. Wataƙila haka ne, amma da ina zaune kusa da ita da na ga abin da zan iya.

Mun iso Dutse bayan magariba. Na fita da tunanin rashin sanin doka ne ke cutar mutanenmu, na dawo na san ba shi kaɗai ba ne. Hadiza ta san hakkinta, ni na gaya mata, alƙali ma ya gaya mata. Mu ne muka rene ta a kan kada ta kira sunan 'yarta, rana ɗaya kuma muka so ta kira shi a gaban kotu.