Bakan Gogen Mamuda

A Ƙarfi kowa ya san Mamuda da abu biyu, goge da zafin rai. Manomi ne, masara da waken suya yake yi, amma da an kai amfani gida sai ƙauyukan Maguzawa su fara aiko masa da goron biki. Shekara arba'in yana kiɗa da baka ɗaya, wanda maigidansa Iliya ya danƙa masa lokacin da hannun tsohon ya fara rawa.

Gogen kansa bai dame shi ba, ƙwarya ce da fatar guza, in ta fashe a nemi wata. Bakan ne ba ya haɗawa da kowa. Yakan ce tsagiya, wato gashin wutsiyar dokin da ake ɗaurawa a baka, tana da iyakarta. In an ja ta da yawa, goge ya yi ta ƙara kamar akuya a hannun mahauci. In an sake ta da yawa, sauti ya shaƙe. Shi yakan bar mata ɗan sassauci, sauran babban yatsansa ke cikawa yana cikin kiɗa. Da damina takan saki, da zafi takan tsuke, don haka bai taɓa gajiya da kwancewa da sake ɗauri ba.

Bazarar bara waccan wani mai sayar da taki, Alhaji Sadiq, ya shirya taron al'ada a Malumfashi, ya gayyace shi. Tun hantsi Mamuda ya iso, aka bar shi a benci har azahar. Da zai tafi salla ya ba Kamalu, mai kula da lasifika, ajiyar jakarsa. Kamalu ya buɗe don ya gwada sauti, ya ga tsagiya ba ta miƙe ba, ya ɗauka lalacewa ta yi. Ya kwance igiyar fatar da ke ɗaure da tsagiyar, ya ja iya ƙarfinsa, ya ƙulle, ya ɗora bakan a kan lasifika cikin rana.

Mamuda na dawowa aka kira sunansa, ana ta azalzalarsa wai manyan baƙi za su tashi. Yana riƙe bakan ya ji ba daidai ba, amma an riga an tura shi gaban jama'a. Ja ɗaya ya yi, itacen ya ce ƙas, lasifika ta kai ƙarar har bakin titi. Wuri ya ɗauki dariya, mai sanarwa ya ƙara da cewa tsohon kaya ya nemi hutu.

Mamuda ya tsaya da guntu biyu a hannu. Ya tambayi wanda ya taɓa masa baka.

"Baba, gyara maka na yi," in ji Kamalu. "Na ga ya saki."

"Itacen nan ya girmi ubanka. Shekara arba'in ban karya shi ba, kai ka gama da shi kafin in idar da raka'a huɗu. Wa ya sa ka?"

Sai da mutum uku suka shiga tsakani. Ya tattara kayansa ya nufi tasha, Alhaji Sadiq na binsa da ban haƙuri, ko waiwaye bai yi ba.

Bayan mako guda Alhaji ya aiko masa da sabon baka daga Kano, an shafe shi da fenti, an ɗaura masa zaren roba. Mamuda ya juya shi sau ɗaya ya mayar wa ɗan aike, ya ce a kai wa masunta, su ne masu aiki da irin wannan zare.

Daminar nan matarsa Sa'adatu ta sha fama, ko ruwa ta kawo sai ya sami abin faɗa. Ya sari rassan tsamiya don sabon baka ya lanƙwasa a wuta, biyu suka tsage, na uku ya tsaya. Tsagiya kuwa ta zama aiki, don tun da babura suka cika ƙauyuka doki ya yi wuya. Sai a Dandume ya sami mai ingarma, shi ma sai da ya yi sawu uku kafin a yarda ya yanki gashin wutsiyar da bai kai kaurin yatsa ba.

Da kaka ya yi kiɗan farko a wani biki kusa da Gozaki. An yi rawa sosai. Da aka tsaya shan ruwa, wata dattijuwa da ake kira Tsohuwa, wadda ta yi rawar gogen Iliya tana budurwa, ta matso ta ce masa muryar gogen ta sauya.

"Na sani," ya ce, ya ci gaba da goga ƙaro a tsagiya.

Har yau yana zuwa bukukuwan ƙauye, amma duk inda ya hangi lasifika sai ya juya. Ranar kasuwar Malumfashi yakan bi ta gaban shagon da Kamalu ke ba da hayar lasifika, Kamalu ya miƙe ya gaishe shi, Mamuda ya wuce bai amsa ba.