Faya-fayan Iya

Ni ce na fara cire faifai daga bangon Iya. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin duk lokacin da zancen ya taso a gidanmu Goggo ake ambata, ni kuwa sai in sunkuyar da kai.

Iya kakata ce, mahaifiyar babana. Ɗakinta na ƙasa ne, can ƙarshen gida, inda dawar gonarmu ke leƙowa ta saman katanga idan damina ta yi nisa. Tun tana amarya take saƙa faifai. Wanda ya yi mata kyau ba ta bari ya je kasuwar Gezawa, sai ta kafa ƙusa ta rataye shi. Da haka bangon da ke fuskantar gadonta ya cika har kusa da azara. Akwai mai ja da baƙi, akwai mai ruwan ɗorawa, akwai wani kore da ta saƙa da cikin babana. Da hantsi rana takan shigo ta 'yar taga ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina ƙarama in kwanta a tabarma ina bin ta da ido har a kira ni aike.

Ina aji biyar a sakandare ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ido kaɗai ya rage mata. Ni nake ba ta kunu idan na dawo daga makaranta. Idan aka jingine ta tana kallon ƙofa, sai ta datse haƙora. Innata ce ta gane.

"Juya ta wajen kayanta," in ji ta.

Ina juya ta, idonta ya hau bango yana tafiya a hankali, bakin ya saki, ta shanye kofi guda. Haka muka yi watanni, har kumatunta suka ɗan ciko.

Sai aka sa ranar al'ada a makarantarmu, aka ce kowa ya kawo abin gargajiya. Na tsaya gaban gadonta na ce, "Iya, ara mini koren nan, jibi zan dawo da shi." Ta yi wani sauti a maƙogwaro. Na ɗauke shi a matsayin izini, don izinin nake so. Na rubuta wa faifan waƙa, na karanta a gaban taro, aka tafa mini. Malamarmu ta ce a rataye shi a ofis baƙi su riƙa gani. Na ji daɗi ƙwarai, daga baya kuma na ji kunyar in ce mata ta ba ni abina. A bango ya bar da'ira mai haske, inda hayaƙin shekaru bai taɓa ba.

Bayan sati biyu Goggo, yayar babana da ke aure a birni, ta zo dubiya. Tana shirin aurar da 'yarta. Ba ta gama gaisuwa ba idonta ya faɗa kan da'irar.

"Au, ashe ana ɗauka?"

Ta miƙe tana shafa sauran faya-fayan. Ta ce yanzu a birni da irin waɗannan ake ƙawata wurin kamu, masu ado nema suke ido rufe, ga su nan ƙura na ci a banza.

Inna ta ce, "Yaya, ki bar mata. Da su take cin abinci."

"Faifai take ci? To ki dafa mata ɗaya mu gani." Matan da suka rako ta suka kwashe da dariya. "'Yar bokonki ta ɗauka ba ki ce uffan ba, sai ni da na fito daga cikinta?"

Inna ta dube ni sau ɗaya, ta fita.

Goggo ta taka turmi ta fara saukewa. Tana yi tana ɗaga murya, kamar ciwon a kunne yake: "Iya, gudummawar jikarki ce! Kowa zai ga aikin hannunki!" Hannun Iya na hagu ya damƙi zanen gado yana ja. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya ya shiga kunnenta.

"Kun gani? Kukan murna take yi," in ji Goggo. "Ke, riƙe mini bakin buhun nan."

Na riƙe. Ina jin ƙamshin tsohuwar kaba yana tashi duk wanda aka jefa.

Bango ya koma da'irori zalla, manya da ƙanana, kowace da ƙusarta a ka. Abin mamaki, Iya ta ci gaba da kallonsu. Idonta na bin su yadda ya saba, yana tsayawa inda ya saba tsayawa. Takan karɓi cokali uku, wani lokaci huɗu. Na gaya wa kaina cewa tana ganin launukan a zuci, har na so in rubuta waƙa a kan haka.

Ana saura kwana uku dangin angon 'yar Goggo su zo gaishe da Iya, Baffa, ƙanin babana, ya leƙo ɗakin ya yamutsa fuska.

"Surukan birni za su shigo nan? Bango kamar mai makero?"

Ya sa aka zare ƙusoshin, aka shafe ko'ina da farar ƙasa. An fitar da Iya gindin darbejiya, da yamma aka mayar da ita. Baffa ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi: "Iya, ga ɗakinki fes, kamar asibiti." Ta dubi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta rufe ido. Na kai cokali bakinta, haƙoran a datse.

Washegari na je ofis na karɓo koren faifan, ban ma tsaya jin me malama ke cewa ba. Na kafa ƙusa da dutse daidai inda yake a da, ko inda nake zaton nan ne, don babu sauran alama.

"Iya, ga shi na dawo da shi."

Ta buɗe ido. Ta dube shi, shi kaɗai a tsakiyar farin bango. Sannan ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ta sake rufewa. Ba ta kai girbin dawa ba.

A zaman makoki wata ta miƙo mini waya in ga hotunan biki. Faya-fayan na jere a bayan kujerar amarya, an fesa musu ruwan gwal gaba ɗaya, ba a gane ja, ba a gane ɗorawa. Goggo na gefe tana share hawaye tana cewa ai Iya ta halarci bikin da hannunta.

Koren yana ƙasan akwatina, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Na canja ɗaki sau biyu tun daga lokacin, ban kafa masa ƙusa ba.