Ruwa a Hannun Dama

Mai Fenti ake kiransa, har matarsa ma haka take ce masa in ta so tsokana. Shekara ashirin da shida yana aikin da ya ba shi sunan, wato shafa jan fenti a jikin bishiyoyi da duwatsu a kan hanyar ƙafa da ta zagaye madatsar ruwa, don kada masu zuwa yawon daji daga birni su ɓata. Hanyar ta tashi daga ƙofar shiga, ta ratsa kurmi, ta hau tsauni biyu, ta gangaro ta bayan madatsar, ta dawo inda ta faro. Tafiyar awa biyar ce ga mai lafiyar ƙafa.

Kayan aikinsa ba su da yawa: gwangwanin fenti da ya yi wa mariƙi da waya, buroshi mai faɗin yatsa biyu, adda, da tsumma. Kowace alama daidai idon mutum yake yin ta, yadda in kana tsaye a ɗaya za ka hango ta gaba. Tsohon da ya gaji aikin a hannunsa abu ɗaya ya nanata masa: "Ruwa a hannun dama, yaro. Muddin ruwa na damanka, gida na gabanka." Tun daga ranar haka yake zagayen, bai taɓa juyawa ba. Kibiyar da ke ƙofar shiga ma can take nunawa.

Gidan da yake ciki na hukumar gandun daji ne, ɗaki biyu a gindin madatsar. Bangon ba ya bushewa ko da rani. Gishiri narkewa yake a kwano, ashana sai an sa ta cikin kwalba an rufe. A wannan ɗakin ciwon ƙirji ya kama matarsa, numfashinta ya koma kamar ana jan zarto. Likita ya ce magani ba zai yi komai ba sai ta bar bakin ruwa. To ina za su? Gidan ubansa da gonarsa suna ƙarƙashin ruwan nan tun da aka yi madatsar. In ya bar aikin, ya bar ɗakin. Mafita ɗaya ce, a mayar da shi lambun hukumar da ke cikin gari, inda akwai ɗakin ma'aikaci a kan tudu, kusa da asibiti. Takarda tara ya rubuta yana roƙon haka cikin shekara shida.

"Mai Fenti," in ji matar wata safiya, tana zaune ta jingina da filo biyu, "ka nuna wa duniya hanya, mu ka kasa nuna mana."

"Haƙuri dai, uwar yara. An kawo sabuwar shugaba. An ce tana karanta takarda."

"Waɗancan fa? Cinyewa suke yi?"

Ta yi dariya, dariyar ta zama tari. Ya riƙe mata kofin ruwa har ya lafa.

Shugabar ta zo ranar Talata, da takalman hawa dutse da sanda. Ba ta kai ƴarsa ta fari shekaru ba. Ta fito da takardarsa ta tara daga jaka, ta nuna masa.

"Baba, na gani. Mu zaga in ga hanyar da idona. In komai daidai ne, yau zan sa hannu."

"Allah ya saka da alheri, ranki ya daɗe."

Maigadin ƙofa, abokin wasansa na shekara da shekaru, ya leƙo daga rumfarsa. "Ranki ya daɗe, ki riƙe shi da kyau. Wannan ko an ɗaure masa ido sai ya zaga, kamar jakin rijiya. Ni dai in ya tafi, ya bar mini buta."

Mai Fenti ya nufi inda kibiya ta nuna, sai shugabar ta ce, "A'a, Baba, ta nan za mu bi. Ina so in fara da tsaunin tun da sauran ƙarfina."

Ya ɗan tsaya. Bai ga abin musu ba, hanya ai hanya ce. Suka sa ruwa a hannun hagu, suka kama tafiya.

Sun yi kamar rabin awa kafin ta ce, "Baba, ina alamun?"

Ya ɗaga kai. Bishiyoyi ne tsaye, jikinsu fes, babu ɗigon ja ko ɗaya. Ya waiwaya, sai ga su nan reras a bayansa, kowace tana kallon inda ya saba fitowa. Shekara ashirin da shida fuskar da ke kallonsa kawai yake shafawa. Bayan bishiya bai taɓa ganin buroshinsa ba, don shi ma bai taɓa ganin bayan bishiya ba.

Nan take ya tuna mutanen da ya sha nemowa a dajin: masu gajiya su juya, masu tsoron hadari su koma da baya. Ya tuna wata tsohuwa da ya tarar zaune a kan kututture tana kuka, da malamin makaranta da ɗalibansa goma sha ɗaya. Duk ya ɗauka rashin kan gado ne irin na mutanen birni. Har labarinsu yake ba maigadi suna dariya.

"Ba komai, ranki ya daɗe, na san hanyar," ya ce.

Ashe bai san ta ba. Dutsen da ya saba gani kamar raƙumi a durƙushe, ta wannan gefen dutse ne kawai. A mararrabar da ke ƙasan tsauni na biyu ya ɗauki hanyar shanu, suka yi ta kutsawa cikin ƙaya har suka ɓullo bakin wani kwari da bai taɓa gani ba. Sai da ya juya, ya sa ruwan a damansa, sannan ƙafarsa ta gane ƙasa. La'asar ta wuce kafin su iso ƙofa, wandon shugabar ya yage a gwiwa.

Ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi masa ciwo. Ta zauna a bencin maigadi ta cire ƙaya daga safa.

"Bishiya nawa ce, Baba?"

"Da duwatsu, dubu ɗaya da ɗari huɗu da wani abu."

"Sai an shafa bayansu duka. Kuma ba wanda ya san inda suke sai kai. In na kawo baƙo yanzu, shekara zai yi yana nema." Ta mayar da takardar cikin jaka. "Ka gama, in sa hannu. Na yi alkawari."

Bai ce mata damina ta kusa ba, kuma fenti ba ya kama jiƙaƙƙen ɓawo. Bai ce mata damina ce ke kwantar da matarsa ba. Ya ce, "To, ranki ya daɗe." Maigadi ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskarsa, ya fasa.

A gida matar ta karanta amsar tun daga yadda ya ajiye gwangwanin. Ya zauna a bakin gado ya faɗa mata komai, har da hanyar shanun.

"Kai ɗin ka ɓata?" ta ce. "Da na gani da idona."

"Laifina ne, uwar yara."

"Guda nawa kake iya yi a rana?"

"In rana ta fito, talatin. In na matsa, arba'in."

Ta kalli bangon, inda danshi ya riga ya fara hawowa.

"To ka matsa," ta ce.

Washegari ya fita tun rana ba ta yi zafi ba. A ƙofa ƙafarsa ta karkata inda ta saba da kanta, sai da ya tsaya ya juyo da ita. Ya zaga bayan bishiyar farko, ya goge ɓawon da tsumma, ya tsoma buroshi. Ta gabas hadari ya fara haɗuwa a kan tsauni.